Matsattsaku a Butar Inna

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, ya kuma san abin da bawa ke ɓoyewa. Sunana Laminu, malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, a nan Damagaram, gidanmu yana Zango. Mahaifiyata ta rasu a bazarar da ta wuce, bayan jinyar kusan wata biyu. Har yau in na gamu da mutane a masallaci ko a kasuwa sai su riƙe hannuna su ce, "Allah ya yi maka albarka, ka yi jinyar Inna." Ni kuwa sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda abin ya faru, don mai ruwan kifi a gidansa ko a lambunsa ya ji, kada ya yi irin tawa.

Shekara biyu kafin nan sha'awar kiwon kifi ta kama ni. Na sa magini ya yi mini kwarmin siminti a kusurwar tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro, irin wanda muke ce wa basan. Kifin daga Gidimuni na kawo shi, garin su Inna, inda ƙanenta Kawu Ari yake da lambu a bakin tabki. Na haɗo da kainuwa cike da bokiti don ta yi wa kifin inuwa. Bayan 'yan watanni sai na fara ganin matsattsaku manne a jikin siminti, baƙaƙe, sirara, wasu ba su kai tsinken ashana ba. Matata Rabi ta ce, "Malam, a zubar da ruwan nan a wanke, ni ba na son ganin abin nan." Na ɗauko salula na bincika da faransanci, na ga an ce yawancin na cikin irin wannan ruwa ba sa cutar da kowa, 'yan tsutsotsi suke ci. Layi uku na farko na karanta, waɗanda suka yi mini daɗi, na rufe. Har lacca na yi wa Rabi a kan jahilci, ni mai ilimi.

Inna ta haura saba'in. Tana da tansiyo, wato hawan jini, idonta ya yi yana, amma ban da wannan garau take. Ita ke tsinke zogalenta da kanta, kuma ba ta gajiya da tsokanata. Kifin nan "'ya'yan Laminu" take ce musu. In na dawo daga lakwal sai ta ce, "Je ka gai da 'ya'yanka tukuna, mu ma jira."

Wanda ya san Damagaram ya san bazararta. A wannan makon pampo ya kwana huɗu ko ɗigo, 'yan garuwa kuwa sai ka roƙe su kamar kana neman aurensu. Bido ɗaya, wato jarka, ya rage mana, na sha da girki. Da azahar Inna ta kira ni daga ƙofar ɗakinta, "Laminu, buta ba ruwa." Na dubi bidon, na dubi basan. Ban daɗe da canja ruwan ba, tas yake, ana ganin ƙasa. Na ɗauki butar na nutsa ta a gefen kainuwa har ta cika. Buta kuwa ba ƙwarya ba ce, ba a ganin cikinta.

Da ta kai ruwan bakinta sai ta ce, "Wannan na 'ya'yanka ne ko? Ina jin ƙarninsa."

Na ce, "Mai tsarki ne, Inna. Ba abin da ya faɗa ciki."

Ta ce, "To."

Inna ba ta wasa da alwala. In ta zo shaƙa ruwa, sau uku take yi, kowanne har can ciki, yadda aka koya mata tun tana yarinya. Kwana uku ina cika mata butar nan daga basan kafin pampo ya dawo.

Makon farko haɓo ne kawai, ta hancin hagu. Ba zuba yake yi ba, tsattsafowa yake, ya tsaya, ya dawo. Wa zai damu da haɓo a wannan zafi? Aka zuba mata ruwan randa a ka, aka jiƙa ƙasar bango ta shaƙa, maƙwabciyarmu ta kwaɓa lalle ta ɗora mata a tsakar ka. Abin da na lura, kuma ban yi komi da shi ba, jinin ba ya daskarewa. Gefen mayafinta kullum a jiƙe.

Mako na biyu na kai ta likitar unguwa, wato ɗan ƙaramin asibitinmu. Muka bi layi tun safe har hantsi ya ɗaga. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ɗaura mata abin awo ya ce tansiyo ta hau, ita ce ke fasa jijiyar hanci. Ya cusa auduga, ya rubuta ordonansi, takardar sayen magani. Muna shirin tashi Inna ta ce masa, "Yaro, akwai abin da ke motsi a cikin hancin nan." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, gudan jini ne, zai fita." Bai leƙa ba. Ina da ƙorafi a kansa, amma ba mai yawa ba, don mutum wajen hamsin ke jiransa a waje, kuma ni da nake ɗanta na fi shi dariya. Wannan magana tasa na riƙe na yi ta maimaita mata: gudan jini ne, Inna, majo ya faɗa.

Mako na uku yayata Zara ta zo daga Mirya, inda take aure, ta tare a ɗakin Inna. Daga nan gida ya cika da masu dubiya, kowa da maganinsa. Wannan ya ce rubutu, wancan ya ce hayaƙi, wata ta ce tunda tana jin motsi ai iska ce, a nemo mai ruƙiyya. An yi duka. Jinin ya fara bi ta maƙogwaro, tana tofar da shi. Tafin hannunta ya yi fari fat, ta koma yin salla a zaune. Wata rana ina zuba mata ruwan alwala, na pampo yanzu, ta kama hannuna ta ce, "Laminu, in na kawo ruwa kusa da hancina sai in ji abin ya sauko. In na janye sai ya koma." Na ce, "Haba Inna, ki daina sa wa ranki wannan." An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa mata tunani, har na faɗa wa Yaya Zara haka a zaure.

A mako na huɗu Kawu Ari ya zo da dabino da 'yan karan rake. Ya zauna gaban yayarsa ya ji bayaninta daga farko har ƙarshe, bai katse ta ba. Sai ya tashi ya nufi basan, ya ɗago kainuwa guda ya juya saiwarta. Ya daɗe yana kallo. Ya dawo ya tsaya a kaina ya ce, "Laminu, ruwan nan ana taɓa shi?"

Na ce, "Ba mai taɓa shi, Kawu. Na kifi ne."

Inna tana kwance a tabarma, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Ta ji ni sarai. Ba ta ce uffan ba.

Kawu ya ce, "To, ni dai ga abin da na sani. Mu a can, in saniya ta yi ta zubar da jini ta hanci ba ya tsayawa, matsattsaku muke nema. Ƙarami yake shiga wajen shan ruwa, ya girma a ciki. A hana Yaya ruwa daga safe zuwa azahar, kada ko alwala ta yi, sannan a kawo ƙwarya cike a riƙe mata a ƙarƙashin hanci, a yi haƙuri. In shi ne, zai leƙo."

Na tashi da faɗa. Na ce, "Kawu, Inna ba saniya ba ce! Mai tansiyo za a hana ruwa a wannan zafi? Likita ya duba ta, ya faɗi abin da ke damunta." Na yi ta zuba, har da faransanci. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Shi ke nan. Ku 'yan lakwal kun fi mu sani." Da safe ya kama hanyar Gidimuni.

A nan ne zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Tun Kawu bai rufe baki ba na tuna da butar. Na gane gaskiya ya faɗa. Amma in gaskiya ya faɗa, to ni ne, da hannuna, kuma na riga na yi ƙarya a gaban kowa. Tsoron a ce ni ne ya fi mini tsoron jinin da ke zuba. Wallahi haka ne, ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Bayan tafiyarsa da kwana biyu na kwashe kifin na sayar, na zubar da ruwan, na ce wa Rabi wahalar ruwa ce ta ishe ni. Ta kalle ni kawai ta ci gaba da wanke-wankenta. Sau ɗaya na haska hancin Inna da fitilar salula, ba a yi minti biyu ba, kuma ta gama alwala ke nan. Ban ga komi ba, na ce alhamdu lillahi, ashe Kawu bai sani ba.

Mako na biyar da na shida muka shiga yawon asibitoci. Nan a ce analiz, wato gwaji, can a ce hoton ƙirji, ko tarin fuka ne tunda tana tofar da jini. Kowane wuri sabon tikiti, sabon layi, sabuwar ordonansi, maganin kuma sai ka zaga farmasi uku kafin ka same shi. Albashina ya ƙare tun wata bai raba ba, Rabi ta sayar da tunkiyarta ba ta ko gaya mini ba sai da aka zo jan ta. Mutane suna ganina a kan kabu-kabu da ledar magani suna cewa ɗa na gari. Kowane likita sai ya tambaya, "Akwai abin da ya faru kafin ciwon ya fara?" Kalma ɗaya zan faɗa a ɗauko fitila a leƙa. Sai in ce babu, zafi ne kawai da tansiyo. Ina fata wani ya gano abin da kansa ba tare da ya bi ta kaina ba.

Ranar wata Talata a mako na bakwai, da hantsi, ta yunƙura za ta tashi daga tabarma sai ta zube. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi sama-sama. Muka sa ta a mota zuwa asibitin da aka tura mu. A can muka samu wata lokotoro, wato likita, yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwar Rabi ba. Ta ja fatar idon Inna ƙasa ta duba, ta ce, "Anemi. Jininta saura kaɗan. Me kuke jira har yanzu?" Wannan kalma, anemi, har gobe tana kunnena. Aka ce a nemo jini. Abokan aikina biyu suka bar aji suka zo, da wasu 'yan kabu-kabu biyu na bakin layinmu da ko sunan ɗayansu ban sani ba a lokacin. Allah ya saka musu da alheri, ya sa su gama da iyayensu lafiya.

Da Inna ta ɗan farfaɗo, lokotoron ta dawo. Na buɗe baki zan fara bayanin da na saba, ta ɗaga mini hannu. Ta durƙusa gaban gado ta ce, "Inna, ke nake tambaya. Me kike ji?"

Inna ta ce, "'Yar nan, akwai abin da ke motsi a hancina. In ya ji ruwa sai ya sauko."

Maganar da ta yi ta faɗa mana mako biyar ke nan, ba ta ƙara ba ta rage ba. Lokotoron ba ta yi dariya ba. Ta aika aka kira likitan hanci, ya zo da fitila a goshi da ɗan hantsaki. Ya leƙa, ya ce a kawo ruwa a kwano. Yaya Zara ta riƙe kwanon a ƙarƙashin hancin Inna, muka zuba ido. Abin da Kawu Ari ya ce a yi a tsakar gidana, shi ake yi, kwano kawai aka sa a madadin ƙwarya. Can sai wani baƙin abu ya leƙo. Likitan ya cafke shi, ya riƙe, ya ja a hankali har ya saki. Ya kai tsawon ɗan yatsana, ya yi ɓul-ɓul da jinin uwata. Yaya Zara ta saki kwanon tana salati.

Inna ta ja numfashi ta hancin nan ta ce, "Alhamdu lillahi. Na ce muku."

Likitan ya jefa abin a kwalba ya ce, "A ina ta shiga ruwan tabki, ko ta sha, ko ta yi alwala da shi?"

Kafin in haɗa kalma, Inna ta ce, "Gidimuni na je suna, na yi alwala a bakin tabki. Idona ba ya gani sosai."

Rabonta da Gidimuni shekara biyu. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, ita ya doka, kuma ga ta tana rufa mini asiri da ɗan numfashin da ya rage mata. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina har likitan ya gama rubutu.

A waje na tare shi na ce, ni na karanta cewa matsattsaku ba ya cutarwa. Ya ce, "Da yawansu haka ne. Ko mai shan jinin ma, in a ƙafa ya kama ka, ya ƙoshi zai faɗi, ka wanke wurin shi ke nan. Amma hanci da maƙogwaro daban ne. Yana shiga kamar zare, yawunsa yana hana jini daskarewa, ya sha kaɗan, sauran ya yi ta zuba. Da makon farko kuka kawo ta, aikin minti goma ne ku koma gida." Sai ya ƙara da cewa zuciyarta ta daɗe tana aiki ba jini, ta gaji, sai dai a yi addu'a.

Kwana tara muka yi a asibitin bayan nan. Jinin ya tsaya cak. Ta sha kunu, ta ci ɗan dabino, har ta tsokani wata mai jinya a gadon kusa. Muka fara sa rai. Ɗakin da zafi, pankar ba ta aiki, mu ke yi mata fifita, ruwa ma mu ke zuwa da shi a bido, amma ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, ban da abin faɗa a kansu sai alheri. Kullum na fito daga gida da niyyar yau zan durƙusa in ce, Inna ki yafe mini. Kullum sai in samu dalili: ga masu dubiya, ga Yaya Zara a zaune, ga shi ta gaji tana barci. Na ce bari a sallame mu, in same ta a ɗakinta mu biyu. Ita kuwa ba ta taɓa ɗago maganar ba, sai dai ta ce, "Ka ci abinci kuwa? Dubi wuyanka."

Rana ta tara da safe aka rubuta sabon magani. Na tafi farmasi, na tarar da layi, na tsaya. Da na dawo na samu Yaya Zara a bakin ƙofar ɗakin, ta rufe fuska da mayafi. Ledar maganin tana hannuna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A zaman makoki kowa ya zo sai ya ce, kai, ruwan Gidimuni ba abin wasa ba ne, a riƙa kula. Kawu Ari yana zaune a tabarma ɗaya da ni, yana jin ana ɗora wa tabkinsu laifi, shi da ya san yayarsa ba ta je ba. Da zai tafi ya ba ni hannu ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri," bai ƙara komi ba.

Ga abin da nake roƙon wanda ya karanta wannan. In kana da basan kifi, ko rijiyar lambu, ko kwalbar kifin ado ta falo da ka sa wa ciyawar tabki, ruwan nan na kifi ne. Kada a sha, kada a yi alwala da shi, komi wahalar pampo. In dole ta sa, a tace da ƙyalle, a zuba a abin da ido ke ganin cikinsa. Haɓon da ya wuce kwana biyu ta hanci ɗaya, a ce wa likita ya leƙa da fitila. In tsoho ya ce yana jin abu a jikinsa, a yarda da shi. In kuma kai ne ka yi kuskuren, ka faɗa da wuri. Kunyar yini ɗaya ce, ni na ƙi ta.

Bayan sadakar arba'in na kasa zama. Na hau mota na tafi Mirya, na samu Yaya Zara tana tankaɗe a tsakar gida. Na zauna a ƙasa na faɗa mata komi: butar, ƙaryar da na yi wa Kawu, kifin da na sayar, likitocin da na ce wa babu. Ba ta daina tankaɗen ba sai da na kai ƙarshe. Sannan ta ajiye rariyar ta ce, "Na sani, Laminu. Ta gaya mini tun kwana na biyu da cire abin."

Na ce, "Kin sani, Yaya, kika yi shiru?"

Ta ce, "Ita ta hana ni. Ta ce in ka zo da maganar da bakinka, in gaya maka ta yafe duniya da lahira. In ba ka zo ba, in ƙyale ka, kada in ƙara maka nauyi." Ta share ido da bayan hannu, gari ya shafe mata fuska. "Amma ba ni ta so ka zo wa ba. Kullum in ka shigo ɗakin nan sai ta ce in je in ɗebo ruwa, ko in je in gai da mai gadon ƙarshe. Ka ɗauka ruwan take so? Wuri take ba ka. Kwana bakwai ina fita ina tsayawa a rana, in dawo in tarar kana ba ta labarin tsadar magani."